Iya Ba Ta Ciwo a Gabana

Ni ce 'yar fari a wurin Iya. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga yayar babanmu a Sabuwa, a hannunta na girma, ita nake kira Inna. Iya kuwa tana ƙauyenmu na bayan Sheme, sai da salla ko biki nake ganinta. Idan na je, in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon kwanon da take wankewa. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. Idan tana so a ba ni abinci sai ta faɗa wa iska: "A ba baƙuwa fura." Iskar kuwa ta san aikinta, don ba a taɓa barina da yunwa ba, kuma kullum ƙwaryata ta fi ta kowa nono.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka na ga ana yi a kowane gida, uwa tana kunyar ɗanta na fari har tsufa. Na yi karatu, na yi aure, na zama malamar firamare a Kankara, na haifi nawa 'ya'yan, har ni ma na ɗan taɓa tawa kunyar kafin boko ya cinye ta. A zatona abin namu da Iya a bakin ƙofar ɗakinta ya tsaya, gaisuwa ce da kawar da kai. Ban san zai bi mu har gaban likita ba.

Bayan girbi ne matar autanmu ta kira ni a waya. Autan namu magidanci ne, yana sayar da hatsi, shi ke zaune da Iya tun rasuwar babanmu. Matarsa ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ce ta ga wani abu a ƙirjin Iya lokacin da take taya ta canza riga. Ashe kumburin ya daɗe. An sha jiƙo, an shafa, an yi rubutu, an je kemis, duk ba wanda ya gaya mini. Da muka kai ta asibiti aka tura mu gaba, can ma aka tura mu gaba, har muka dangana da babban asibitin birni. Nan aka ce mana ciwon daji ne, kuma ya bar mama ya shiga ƙashi.

Ni ce mai jin Turanci a gidan, don haka ni ce mai riƙe katin asibiti, ni ce mai shiga gaban likita. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, kuma wanda ya san ni ya san ba a ja da ni a irin wannan. Duk ɗakin da aka kira Iya, ina tsaye a kanta da jakata a hammata. A tambaye ta, "Mama, ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." A ce, "Ina ke miki ciwo?" ta ce, "Jikin tsufa ne." Sauran bayanin ni nake cikewa da abin da na gani da abin da na yi tsammani.

An gwada mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Jikinta bai ɗauka ba, ta rame, bakinta ya yi gyambo, ko kunu sai da lallashi. Ran nan likitan ya zaunar da mu ni da auta, ya ce ci gaba da shi zai fi ciwon wahalar da ita. Ya ce akwai wani sashe a can ƙarshen asibitin, aikinsu rage wa masu ciwo mai tsanani raɗaɗi, zai tura mu wurinsu.

Mun riga mun ji labarin sashen a bakin 'yan jinya. A barandar da muke shimfiɗa tabarmi, ɗakin sallama ake ce wa sashen, wai duk wanda aka tura can an gama da shi ke nan. Muna fitowa auta ya ja ni gindin wata bishiyar mangwaro, idonsa ya yi ja.

"Yaya, wato sun ce ta mutu ke nan? Su ke da rai?"

"Ba haka ya ce ba."

"To mi ya ce? Ni ban kai uwata inda aka yanke ƙauna. Mu tahi da ita gida, akwai mai magani a Faskari."

Na ce masa mai maganin Faskari ya riga ya yi nasa tun ba mu zo nan ba. Muka yi ta yi, mutane suna wucewa suna kallonmu. Ni ma a raina tsoron wurin nake ji, amma na fi jin tsoron yadda Iya ke dafa bango idan za ta tashi. A ƙarshe ya ce in je in gani da idona, shi dai ƙafarsa ba za ta taka ba.

Na ɗauki Iya muka je. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai labule kore, da benci a waje. Likitar wurin mace ce mai sanyin magana, Hausa a bakinta kamar ni. Na fara da abin da ke cina, na ce mata an ce nan ne ake kawo waɗanda aka fid da rai da su. Ta yi murmushi, alamar ta sha jin tambayar. Ta ce su ba sa ƙara wa kowa kwana, ba sa rage wa kowa. Duk mai ciwo mai tsanani da ke hana shi barci ko ci ko zama, ya cancanci zuwa wurinsu tun ranar da aka gano ciwon, ko da ana ci gaba da yi masa maganin warkewa. Ta ce da Iya ta zo tun farko ma da sun karɓe ta. Raina ya ɓaci ƙwarai da jin haka. Watanni muna kai da kawowa a asibitin nan, muna wuce ƙofar nan muna kawar da kai, ashe tamu ce.

Sai ta yi mini bayanin maganin. Akwai mai sauƙi, akwai matsakaici, akwai mai ƙarfi na ruwa da ake kira mofin. Shi wannan doka ta tsare shi saboda masu shaye-shaye, ba a samunsa a kemis, kuma gwargwadon ciwo ake auna shi. Ciwo kuwa babu na'urar da ke nuna shi, sai mai shi ya faɗa. Ta ɗauko wani kwali mai zanen fuskoki a jere, daga mai dariya har zuwa mai kuka, ta ɗora wa Iya a cinya.

"Mama, wace fuska ce ta yi kama da yadda kike ji?"

Iya ta duba kwalin ta duba. Ta ce, "Waɗannan ɗiyan wa ne?"

Likitar ta yi dariya, ta sake bayani. Ina tsaye a kanta ina kallon yatsanta. Ya yi yawo a kan kwalin, ya wuce mai kuka, ya wuce mai ɗaure fuska, ya je ya sauka a kan mai murmushi.

Na ce, "Iya, ki faɗa mata gaskiya."

Ta dubi bango ta ce, "Alhamdulillahi."

Likitar ta duba ta a bayan labule, ni na taya Iya cire riga, fuskarta tana can gefe har aka gama. Na ga likitar ba ta gamsu ba, ta juya tambayar ta nan, ta juya ta can, amsa ɗaya take samu. Ta ce ba za ta ɗora tsohuwa mai rauni a kan magani mai ƙarfi ba alhali mai jikin ta ce da sauƙi. Ta ba mu matsakaicin, ta ce mu dawo ba da jimawa ba, idan abin ya tsananta kada mu jira ranar da aka sa mana.

Muka koma ƙauye. Na riƙa zuwa duk ƙarshen mako daga Kankara. Da zarar Iya ta ji sallamata a zaure, kafin in ƙaraso ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta jawo carbi. In tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Har na fara gaya wa kaina wataƙila maganin yana aiki.

Wata Asabar da hantsi matar auta ta yafito ni madafi. Ta warware wani tsohon mayafin Iya ta miƙo mini. Gefe guda duk ya tattaune, ya yi huji-huji kamar ɓera ya ci.

"Shi take cusawa a baki in ya taso mata," in ji ta. "Ranar da kike gidan kau ko nishi ba ta yi. Sai kin tahi."

Na fita da mayafin a hannu. Haushi nake ji da tausayi, ban san wanda ya fi ba. Ban iya tsayawa a gabanta in ɗaga murya ba, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Sai na tsaya a bakin ƙofarta na yi irin nata, na faɗa wa iska.

"A gaya wa mai ɗakin nan, likita ba ta duba. In ba a faɗa mata ba, ba za ta sani ba."

Can daga ciki na ji muryarta.

"A gaya wa Malama tuwonta shina hucewa."

Na zauna a kan turmi na yi kuka, na kuma ci tuwon, don miyar kuka ce da man shanu, kuma na san ita ta sa a yi.

Ranar komawa asibiti, muna shirin shiga mota sai ga Hajiyar Yankara da ƙullinta. 'Yar kawun Iya ce, abokiyar wasanta tun suna 'yan mata, daddawa take sayarwa ranar kasuwa. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ce ta ji an ce likitocin birni suna ɗinke tsohuwar ƙwarya, ta zo ta ga yadda za su yi da wannan. Iya ta ce, "Ke dai kwaɗayin shiga mota ya kawo ki." Hajiya ta ce, "Matsa mani, gawa ba ta cin wuri biyu." Na ji maganar har cikin raina, amma Iya dariya ta yi, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin ciwon. Haka muka tafi, motar tana ƙamshin daddawa, su biyun suna tona wa juna asirin shekaru hamsin.

Mun tarar da layi. Benci ya cika, wasu a ƙasa, wani dattijo a kan keken guragu yana ta salati a hankali. Har aka kira azahar ba a zo kanmu ba. Na ƙirga mutanen da ke gabanmu na ga da saura, na ce wa Hajiya bari in yi salla in samo wa Iya kunu. Na bar mata katin, na ja mata kunne kada su shiga sai na dawo. Ta ce to, Malama, an ji.

Da na dawo babu su a benci. Ashe waɗanda ke gabanmu iyali ɗaya ne, tare suka shiga suka fito. Na nufi ƙofar da sauri da kofin kunu a hannu, har na kai hannu zan tura, sai na ji muryar Hajiya.

"Ke, bar ganin likita yarinya ce. Hwaɗa mata yadda kika hwaɗa mani a mota sadda Malama ta sauka sayen ruwa. In kin yi ƙarya ni zan tona."

Sai na ji Iya. Muryar tata ce, amma ban taɓa jin ta haka ba, ta yi ƙasa, tana karyewa.

"Likita, in ya taso ji nike kamar ana sara mani ƙugu da gatari. Ban iya juyi. Ban iya kwanciya bisa baya, ban iya bisa gefe. Barci sai dai in ga ana yi. Rabona da in kai goshina ƙasa tun kaka, daga zaune nike salla, wani lokacin ma ban san raka'a nawa na yi ba. Wannan ya hi ciwon ci mani rai."

Likitar ta ce, "Mama, me ya hana ki gaya mini wancan zuwan?"

"Ɗiyata ta hwari tana tsaye bisa kaina. In buɗe baki in ce wayyo gabanta? Ba a yi. Kuma ita ba ta iya ajiye abu ba, tun tana ƙarama. In ta ji, da shi za ta tahi Kankara, ta hana kanta ci, ga ɗiya ga aiki."

Ban san ta san ba na iya ajiye abu ba. A hannun wata na girma, ganina take yi daga salla sai salla, kanta a sunkuye. Na tsaya riƙe da kofin yana ƙona mini yatsu. Zuciyata tana ce mini in shiga in rungume ta, amma na san ina tura ƙofar nan za ta gyara ɗankwali ta ce alhamdulillahi, mu koma gida da maganin da ba ya yi mata komai. Na janye hannuna, na koma benci na zauna kusa da dattijon mai salati.

Da suka fito Iya ta gan ni, ta kawar da kai. Hajiya ta karɓi kunun ta kurɓa ta ce ya yi tsami. Likitar ta kira ni ni kaɗai. Ba ta ce na ji ba, ban ce na ji ba. Ta ce za a fara ba Iya mofin, ta nuna mini yadda ake aunawa da sirinji marar allura, a ɗiga mata a baki a kan lokaci, ba sai ciwon ya taso ba. Ta ce zai sa ta barci da farko, zai kuma ɗaure mata ciki, ta haɗa da maganin wannan. Ta ce tana bukatar wanda zai riƙa gaya mata ta waya yadda ciwon yake, don a san ko za a ƙara ko za a rage. Sai ta ce, "Ina ganin Hajiya za ta fi dacewa da wannan." Na ce ni ma haka na gani.

Haka aka raba aikin. Hajiya ta bar wa jikarta daddawa ta tare a ɗakin Iya, ita ce mai tambaya. Matar auta ce mai aunawa. Ni kuma, da na saba zama a gaba, aka bar mini hanya. Ban san inda ake samun maganin kusa da mu ba, na tambaya a Kankara, na sa an tambaya mini a Faskari da Sabuwa, kowa sai ya ce sai birni. Kuma ba a bayar da shi da yawa, kwalba ɗaya ce, idan ta kusa ƙarewa a dawo da katin a karɓi wata. Sai in nemi izini a makaranta, in yi sammako, in canza mota a Funtuwa, in karɓo, in juyo kafin la'asar, don hanyarmu ba ta biyuwa idan rana ta yi sanyi.

Auta ya so ya tayar da rigima da ya ji sunan maganin. Ya ce kayan maye ne, irin wanda ke lalata samari, ba za a mayar da uwarsa 'yar ƙwaya da tsufanta ba. Na ce ya je ya tambayi limaminsu, tunda ni maganata ta mace ce mai boko. Ya je. Malam ya ce masa neman sauƙi ga marar lafiya ba yanke ƙauna ba ne, kuma abin da likita ya auna don ciwo daban yake da abin da yaro ya sha don wasa. Bai gamsu duka ba, sai ranar da ya leƙa ɗakin da rana tsaka ya tarar da Iya tana barci har da minshari. Ya fito yana share ido da hularsa, ya kori awaki daga tsakar gida kada su tashe ta.

Cikin ikon Allah ta samu abin da take nema. Hajiya ce ta kira ni ina cikin aji, ta ce, "Tsohuwarki ta yi sujada yau, sai da na ɗago ta, na zaci ta tahi ke nan." Na ji Iya daga nesa tana cewa a kashe wayar nan, ana ɓata wa mutane kati. Ta koma cin ɗan tuwo, ta sa aka fito da ita inuwar ɗorawa tana kallon masu sussuka, tana gyara musu aiki da baki. Ciwon yana nan yana cinta, kowa yana gani, kullum ƙara ƙanƙancewa take. Amma ta dawo mutum, tana faɗa, tana dariya, tana tambayar kuɗin masara a kasuwar Sheme.

Sau ɗaya kwalbar ta ƙare ban iso ba. Na karɓo maganin lafiya, muna hanya sai muka ga motoci suna juyowa, aka ce 'yan bindiga sun tare gaba. Direba ya ce ko uwarsa ce a can ba zai wuce ba. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na koma roƙo, a banza. A Funtuwa na kwana gidan wata abokiyar aikina, kwalbar tana cikin jakata, ita kuma mai bukatarta tana can. Washegari ma sai da rana ta ɗaga aka buɗe hanya.

Ina shiga zaure na ji ta. Nishi ne mai tsawo, yana fita yana komawa, tana kiran sunan Allah a tsakani. Ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba. Bakina ya buɗe zai yi sallama, don tun da nake ban taɓa shiga gidan nan ba sallama ba, sai na tuna abin da sallamata ke sa ta yi. Na rufe bakina. Na cire takalmi, na lallaɓa ta bayan rumbu na samu matar auta a madafi, na danƙa mata kwalbar. Na zauna a nan cikin hayaƙi ina jin nishin yana raguwa kaɗan-kaɗan, har ya tsaya. Sai da Hajiya ta leƙo ta ɗaga mini kai, sannan na zagaya na koma zaure, na sa takalmina, na yi sallama da ƙarfi kamar yanzu na iso.

"A ba Malama ruwa," in ji Iya daga ciki. "Ta sha hanya."

Da aka yi hutun makaranta na tattaro na dawo ƙauyen gaba ɗaya. Lokacin ta daina fita inuwa, an ƙara mata awon maganin, yawancin yini barci take. Ni kuma na samu abin da ban taɓa samu ba. Idan ta yi barci bayan azahar, Hajiya ta fita shan iska, sai in shiga in zauna a bakin gadon. In kalli fuskarta yadda nake so, ba mai kawar da kai. A nan na ga ashe tana da ɗan tabo a gefen gira, ashe kunnuwanmu iri ɗaya ne. Ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma sai a lokacin na san kamannin uwata sosai. Da na ga ta fara motsi sai in tashi in fita, in dawo ta ƙofa da gaisuwa.

Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune haka, ƙafafunta sun kumbura, fatar ta bushe tana tsagewa. Na ɗauko man kaɗanya na fara shafa mata a hankali, ina tsoron kada ta farka. Na kusa gamawa da ta dama. Ina cikin murza tafin sai na lura numfashinta ya canza, ba irin na mai barci ba ne. Na ɗaga kai. Idonta a rufe yake, amma fatar idon tana rawa, kuma ga hawaye ya gangaro ya shiga kunnenta.

Na tsaya cak, hannuna a kan ƙafarta. Ya kamata in tashi, haka muka saba. Har na fara janye hannu.

Sai ta ɗaga ƙafar hagu, da ƙyar, ta ɗora mini a cinya.

Ba ta buɗe ido ba. Na ɗebo man na ci gaba da shafawa, yatsa bayan yatsa, har diddige. A waje ana daka, awaki suna kuka, Hajiya tana yi wa wani faɗa a kan guga. Na daɗe da gamawa ban sauke ƙafar ba, ita ma ba ta janye ba, har aka kira magariba.

Daga ranar kullum haka muke yi. Bayan azahar ta rufe ido, in shiga. Wani lokacin barcin gaske ne, wani lokacin na san ba shi ba ne, ban taɓa tambaya ba. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, da hantsi ne, Hajiya tana gefen kanta tana laƙƙana mata kalmar shahada, auta yana riƙe da hannunta. Ba ta yi nishi ba, ba ta cije komai ba. Idonta a buɗe yake, kuma ina cikin ɗakin, ƙafafunta biyu a cinyata. Ba ta ce a fitar da ni ba.